Yadda ake gyara kwanciya da matashin kai don rage ciwon wuya da na baya

A ƙauyukan Kano da Jigawa, idan mutum ya tashi da asuba wuyansa a ƙage, ko kwankwaso yana sara, bayanin da ake yi bai wuce biyu ba: ko gajiyar gona ce, ko sanyi ne ya shige shi. Daga nan sai a aiki yaro kemis ya sayo na ciwon jiki. Gajiyar kam gaskiya ce. Wanda ya wuni a sunkuye yana dashen shinkafa a Kadawa ko a fadamun Auyo, da wadda ta yi surfe ta yi daka ta kuma ɗauko ruwa a ka, dole jiki ya gaya musu. Amma akwai abu na uku da ba mu cika dubawa ba, shi ne yadda jikin yake kwana. Baligi yana bukatar barcin da bai gaza awa 7 ba, kuma idan duk tsawon wannan lokacin wuya a lanƙwashe yake ko ƙugu a murɗe, safiya za ta same shi bai huta ba. Gyaran ba ya cin kuɗi. Zani, tawul, bargo da audugar rimi sun isa, in dai an san inda za a sa su.

Ƙashin bayan mutum gaɓa-gaɓa ne: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso. Kuma ba a miƙe yake samɓal ba, yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki a wuya da kuma a kwankwaso. Kan babban mutum yakan kai kusan kilo 5. Duk macen da ta saba ɗaukar tulu ta san cewa idan gammo ya karkace, kafin ta iso gida wuya ya fara ciwo. Matashi gammon dare ne. Aikinsa ya cike gurbin da ke tsakanin jiki da shimfiɗa, kai ya zauna daidai da sauran jiki, kada ya yi sama kada ya rataya. Duk abin da zan faɗa a nan, a kan wannan yake tafiya.

A fara da shimfiɗar

Kafin ka taɓa matashi, duba abin da kake kwanciya a kai, domin shi ne zai nuna tsayin matashin da ya dace da kai. Yaye zanin gado, ka ɗora sanda miƙaƙƙiya a kan katifar daga gefe zuwa gefe, ka duƙa ka leƙa ƙarƙashinta. Idan hannu yana shiga tsakanin sandar da katifar, ta lotsa ke nan, kuma kowane dare ƙugunka a rami yake kwana. Wani lokaci laifin ba na katifar ba ne, na gadon ne: wayar gadon ƙarfe ta saki, ko wani katako a tsakiya ya karye an bar shi haka. Sai a jera falanki a ƙarƙashi, ko a sauke katifar ƙasa gaba ɗaya har a samu halin gyara. A kuma riƙa juya ta, kai ya koma ƙafa, sama ya koma ƙasa, ko da sau ɗaya ne a wata biyu.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa mai ciwon baya ya koma tabarma a kan siminti. Ga wanda ya baro katifar da ta yi rami, zai ji sauƙi a kwanakin farko, babu shakka. Amma taurin da ya wuce kima ma yana da nasa ciwon, musamman ga dattijai da ramammu, waɗanda ƙashin ƙugu da kafaɗa ke dafa ƙasa kai tsaye. A 2003 an yi wani bincike a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka tarar waɗanda suka kwana a katifa mai matsakaicin tauri sun fi masu kwana a mai tauri sosai samun sauƙi. Saboda haka in tabarma ce, a ninka bargo biyu a shimfiɗa a kanta, a sa buhu a ƙarƙashi da damina saboda danshi. Ga gwajin gida: kwanta rigingine, ka tura tafin hannu ƙarƙashin kwankwasonka. In ya wuce fayau har da saura, shimfiɗar ta yi tauri. In ya ƙi shiga sam, ta yi laushi. Abin da ake so ya shiga da ɗan matsi.

Kwanciyar gefe

Ita ce mafi yawanmu muke yi, kuma a nan ne aka fi samun matsalar matashi, don haka zan daɗe a kanta.

Idan ka kwanta a gefe, akwai tazara tsakanin kunnenka da shimfiɗa, gwargwadon faɗin kafaɗarka. Wannan tazarar ce matashi zai cike. Mai faɗin kafaɗa yana bukatar matashi mai tudu, siririn mutum kuma mai ƙasa-ƙasa. Shimfiɗa ma tana canza lissafin: a katifa mai laushi kafaɗa tana nutsewa, sai tazarar ta ragu, a tabarma ba ta nutsewa, sai ka bukaci ƙarin tudu. Shi ya sa matashin da ya yi maka daidai a ɗaka yake gajarta idan bazara ta kore ka zuwa tsakar gida.

Ba za ka iya auna kanka da kanka ba. Nemi maiɗakinka ko babban ɗanka su taimaka, da rana, ba sai barci ya zo ba. Ka kwanta yadda ka saba, ka saki jiki, maiɗakin taka kuma ta tsuguna a gabanka ta duba abu uku: hanci, haɓa, da tsakiyar ƙirji. So ake su kasance a layi ɗaya, a kwance daidai da shimfiɗar. In ta ce, "Malam, kanka ya yi ƙasa," sai ta ninka zani ta tura ƙarƙashin matashin, ninki ɗaya bayan ɗaya, tana dubawa. In ta ce ya yi sama, sai a rage abin cikin matashin ko a sauya wani. Sannan ta zagaya ta baya ta bi layin da ya taso daga ƙeya zuwa kwankwaso da ido. Kai ma daga baya ka yi mata haka; mata sun fi mu ɗaukar kaya a ka, kuma sun fi mu haƙuri da ciwon wuya ba tare da sun faɗa ba.

Kafaɗa ba ta hawa matashi. A jawo shi ya shige lungun da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ita kuma kafaɗar ta zauna a shimfiɗa. Wanda ya saba sa tafin hannun dama a ƙarƙashin kumatu, kamar yadda ya zo a sunna, ya yi awon da hannun a wurin, domin tafin yana ƙara tudu. Abin da za a guje wa shi ne miƙa dukkan hannun a ƙarƙashin kai a mayar da damtse matashi. Shi ke sa a farka yatsu sun mutu, kafaɗa tana zugi.

Sai gwiwoyi. Idan ƙafar sama ta zame gaba ta faɗi a shimfiɗa, tana jan ƙugu ya murɗe, kwankwaso kuma ya biyo shi. Lanƙwasa gwiwoyin kaɗan, ka sa matashi a tsakaninsu, mai tsawon da zai kai har idon sawu. In babu, naɗe bargo ko tsohuwar babbar riga. A ganina, in mutum abu ɗaya kacal zai ɗauka daga wannan rubutun, to wannan ya ɗauka, domin shi ne mafi arha kuma masu ciwon kwankwaso sun fi saurin jin bambancinsa. Macen da ke da faɗin ƙugu za ta ga akwai gurbi tsakanin haƙarƙari da ƙugu. Ƙaramin tawul a naɗe ya isa ya cike shi. Kada kuma a duƙunƙune har gwiwa ta kusa haɓa, kamar yadda hunturu ke sa mu yi. A ƙara mayafi ya fi.

Dama ko hagu? Hadisin Bara'u ɗan Azib da ke cikin Bukhari da Muslim ya koyar da yin alwala sannan a kwanta a ɓangaren dama, kuma ga mai lafiya babu abin da zai hana. Sai dai mai fama da ƙwannafi yakan fi samun sauƙi a hagu, saboda yadda tumbi yake zaune: a hagu, bakin tumbin yana kasancewa sama da abin da ke cikinsa, sai ruwan tsamin ya kasa tasowa maƙogwaro da sauƙi. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su fara da dama, su yi addu'o'insu, in ƙwannafin ya taso su juya. Ai dama babu wanda yake kwana a ɓangare ɗaya har asuba, jiki yana juyawa da kansa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ya gaya masa larurar yadda take.

Rigingine da rub da ciki

Mai kwanciya rigingine ba ya bukatar tudu. Matashi mai ƙasa, wanda zai bar goshi da haɓa kusan daidai, shi ne nasa. In haɓa tana dungurar ƙirji, ya yi yawa. In tana kallon rufin ɗaki, ya yi kaɗan. Naɗe ƙaramin tawul ya kai kaurin tsintsiyar hannu, ka tura shi cikin rigar matashin ta gefen ƙasa, ya tallafi lanƙwasar wuya. Sannan ka sa wani matashin a ƙarƙashin gwiwoyi. Da zarar gwiwa ta ɗan lanƙwashe, kwankwaso yana saki, za ka ji shi nan take.

Rub da ciki kuwa, hadisi ya yi hani da ita, likitoci ma ba sa son ta, domin sai an murɗe wuya gefe guda kafin a yi numfashi, a haka har gari ya waye. Wanda ya saba da ita tun yarinta ba zai bari dare ɗaya ba. Ya kwanta a gefe, ya rungumi dogon matashi a ƙirji, ya ɗora gwiwar sama a kai. Jikin zai ji kamar ya kifa, alhali wuya bai murɗe ba.

Matashin da kansa

Manyan filolin da ake jerawa a gadon amarya, waɗanda aka cusa har suka yi tauri, na ado ne. Su yi kyau da rana, da dare a sauke su. Haka ma tumtum ɗin fata, don kishingiɗa aka yi shi a yi hira, ba don a kwana a kai ba.

Na fi son audugar rimi a kan sauran. Ba ta da nauyi, ba ta riƙe zafi kamar soso, kuma tana bin siffar wuya. A kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis, in za ka sayi matashi, matsa shi da hannu biyu ka ji ko akwai ƙulle-ƙulle ko 'ya'yan rimin da ba a tsince ba, ka kuma shinshina ko yana warin danshi. Mafi kyau ma ka sayi audugar daban ka kai wa tela ya ɗinka maka jaka da yadi mai kauri, ya sa zif a gefe. Da zif ɗin za ka riƙa ƙarawa kana ragewa har ya zauna maka. Rimi yana kwanciya bayan wasu watanni, don haka a ajiye ragowar a leda don ƙari. Ba a wanke shi da ruwa. Rigar ake wankewa, shi kuma a shanya shi a rana a bubbuga da sanda. A nisanta shi da aci-balbal da maganin sauro na hayaƙi, domin rimi yana kama wuta da sauri ƙwarai.

Filon da aka cusa da guntayen soso yana da arha, amma yana saurin rabewa gida biyu, kai ya faɗa tsakiya. Na tsumma yana yin gudaji. Ninka filo biyu ka saki: in ya zauna a ninke bai miƙe ba, ya gama aiki. Mai asma ko yawan atishawar safe ya riƙa wanke rigar matashi kowane mako, ya kuma duba bakin ɗinki, nan ne kuɗin cizo ke ɓuya.

Wanda dare ya same shi a gona yana gadin amfani, ko a tasha, kada ya yi matashi da takalmi ko bulo. Ya naɗe rigarsa ko rawaninsa ya kai tudun da na bayyana.

In ciwon yana wuri ɗaya

Mai ciwon kafaɗa kada ya kwanta a kanta. Ya kwanta a ɗaya ɓangaren, ya rungumi matashi yadda hannun mai ciwon zai samu madogara, kada ya rataya gaba. Mai ciwon ƙashin ƙugu ma haka, ɓangaren da ke ciwon ya kasance a sama, da matashi mai kauri tsakanin gwiwoyi. Ciwon da ke tasowa daga kwankwaso ya bi ɗuwawu ya sauka ƙafa yakan lafa in an kwanta rigingine an ɗaga ƙwauri a kan matasai biyu, ko a gefe da ƙafar mai ciwon a sama. A gwada duka biyun, jiki magayi. Mai ciwon gwiwa ya yi hattara da barin matashi a ƙarƙashinta kullum, domin gwiwar da ba ta miƙewa tana iya ƙagewa a lanƙwashe.

Mai ƙwannafi ya bar awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Tara matasai a ƙarƙashin kai ba ya magani, ninke ciki kawai yake yi ya ƙara matsa tumbi. Gadon ake ɗagawa: a sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, tudun santimita 15 zuwa 20, wato kusan taƙi ɗaya. Mai kwana a ƙasa ya tura bargo a ninke ƙarƙashin katifar daga ƙugu zuwa kai, ya zama gangara.

Minshari yana ƙaruwa a rigingine saboda harshe yana komawa baya ya matse hanyar iska. A ɗinka ƙwallon goruba a bayan tsohuwar riga a kwana da ita. Duk lokacin da mutum ya juya rigingine za ta tokare shi ya koma gefe. Amma idan uwargida ta lura numfashinsa yana ɗaukewa sannan ya dawo da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ga gyangyaɗi da rana, wannan ya wuce goruba. Yana da alaƙa da hawan jini, sai a je asibiti.

Mai juna biyu, daga mako 28, wato ciki ya shiga wata bakwai, ki riƙa fara barci a gefe, dama ko hagu. A rigingine nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, jinin da ke zuwa wa jariri ya ragu. Sa matashi tsakanin gwiwoyi, ƙarami a ƙarƙashin cikin, wani kuma a bayanki ya tare ki. In kin farka kin ga kanki a rigingine, kada hankalinki ya tashi, ki juya kawai.

Jinjiri kuwa akasin haka ne, kuma ina roƙon kakanni su saurari wannan. Rigingine ake kwantar da shi har ya shekara, a shimfiɗa mai ɗan tauri, babu matashi, babu tulin zannuwa kusa da fuska. Tun 1992 likitocin yara a Amurka suka fara hana kwantar da jarirai rub da ciki, kuma a shekarun da suka biyo baya mutuwar fuju'ar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a can. A tabbata kuma gefen gidan sauro bai sauko masa a fuska ba.

Tashi, da abin da matashi ba ya magani

Mutane da yawa a wajen tashi suke fama ciwon. An ji kiran sallah, sai a yunƙura daga rigingine a zauna da ƙarfin kwankwaso. Maimakon haka, lanƙwasa gwiwoyi, ka juya gefe kafaɗa da ƙugu tare, ka sauke ƙafafu daga bakin gado, ka tura da hannu ka zauna. Ka ɗan jima a zaune kafin ka miƙe, musamman dattijo ko mai shan maganin hawan jini, saboda jiri. In a ƙasa kake, daga gefe ka koma kan gwiwoyi da hannuwa, ka kafa ƙafa ɗaya, ka dafa bango ko cinya ka tashi.

Kada a canza komai da komai rana ɗaya. A gyara abu guda, a ba shi mako ɗaya ko biyu. Kwanakin farko sabon tudu yakan zama baƙo ga wuya ko da shi ne daidai. In an yi mako biyu ciwon yana ƙaruwa, a koma a sake awo. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗawa a ƙulla a leda kuwa, shan su kullum yana cin tumbi yana kuma lalata ƙoda, balle ga wanda ke wuni a rana bai sha isasshen ruwa ba.

Akwai ciwon da jinkiri a kansa hatsari ne. Wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, amai ko rikicewa, musamman da bazara, a ɗauke shi a matsayin sanƙarau har sai likita ya ce ba shi ba ne. A tafi a ranar, ko da dare ne. Ciwon baya da ya daɗe tare da rama, gumin dare, tari ko ƙusumbi da ke fitowa yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Raunin ƙafa, mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ba a kwana da su a gida. Haka ciwon da ya biyo bayan faɗuwa daga babur, amalanke ko bishiya. Wanda kuma ba ya iya numfashi sai ya tara matasai ya kwana a zaune, ga kumburin ƙafa, zuciyarsa ce ake bukatar a duba. Wannan ya shafi masu jego sosai, domin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya, kuma a gida ana yawan ɗaukarsa a matsayin gajiyar jego.

A fara da asibitin da ya fi kusa, su za su tura gaba in da bukata: Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ga mutanen Kano, Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu ga na Jigawa. Kafin a je, a lura da wace kwanciya ce ke ƙara ciwon, wacce ke rage shi, ko yana tashin mutum daga barci, da kuma ko yana sauka hannu ko ƙafa, domin waɗannan ne likita zai tambaya. A tafi kuma da ledar duk ƙwayoyin da aka sha.